Mai Kare Gidan Gwaggo

Ƙofar Kabuga, Kano
5 ga Afrilu

Zuwa ga taubashiyata Hajiya Rukayya, babbar ungozoma a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Alhaji Maharazu da yara kuna lafiya. Mu ma lafiya lau, ban da gwiwata ta hagu da ta shiga yajin aiki. Mahaifiyarki Gwaggo 'Yardada tana nan da ƙarfinta, ranar Juma'a ma sai da ta yi mini faɗa kan hular da na saka.

Ina farin cikin sanar da ke, a madadin zuri'ar mahaifinki marigayi Malam Mukhtar na Gwammaja, cewa an kafa kwamiti mai ƙarfi domin zaɓen kare. Ni ne shugaba, ni ne sakatare, kuma kawo yanzu ba a sami saɓani ba.

Umarninki nake bi. Ga abin da kika rubuta a takardar da Sule direba ya kawo mini da ɗigon manja a gefenta, na kwafo shi yadda yake:

"tunda barawo ya iya shiga da rana tsaka ya kwashe wa Inna tasoshin aurenta don Allah ka nemo mai kare gidan ba zai zauna haka ba in ba haka ba bayan babbar sallah zan zo in tafi da ita duk da ta ce ita a nan za ta kare"

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Hausa a sakandare, ban taɓa ganin jimla ta yi wannan tafiyar ba tare da ta tsaya ta sha ruwa ba. Ba waƙafi, ba aya, ba ƙugiya. "Za ta kare" ɗin ƙarshe na gane ƙarewa kike nufi, wato Gwaggo ta ce a gidanta za ta cika, don haka na saka masa ƙugiyarsa kyauta. Tsakiyar ma na gyara: ka nemo mai kare, waƙafi, gidan ba zai zauna haka ba.

To, na nemo. Sunansa Ashafa, yana kiwon karnuka a wani kango bayan Ƙofar Dawanau. Ashe su ma ƙabila-ƙabila ne, Rukayya. Akwai na Jamus, wanda muke cewa karen 'yan sanda. Yana da ƙwaƙwalwa, amma wai sai an fita da shi gudu kullum. Na hango Gwaggo da shekarunta saba'in da tara, ta yafa mayafi tana zagaya Dala a guje, sai na ce a wuce. Akwai wani ɗan mitsitsi mai gashi har ƙasa, kamar tsintsiyar da ta yi arziki. Wannan in ɓarawo ya shigo, da shi zai haɗa. Akwai na Afirka ta Kudu mai kai kamar turmi. Sannan akwai wanda suke kira Kokeshiyan, asalinsa ƙasashen duwatsu masu ƙanƙara. Girman ɗan maraƙi, geza irin ta zaki. Bai ko yi haushi ba, kallona kawai ya yi, na tuna duk laifuffukana.

Can gefe kuma ga namu na gida, ja, siriri, irin na maharba. Shi Ashafa ya so ya liƙa mini. Wai ya saba da zafinmu, yana cin ragowar tuwo, cikin mako guda zai haddace fuskokin 'yan unguwa, baƙo kaɗai zai yi wa haushi. Sai tambayoyi yake jero mini: wa ke zaune a gidan, yaya faɗin tsakar gida, mutum nawa ke shiga a wuni? Na ce masa kare na zo saye, ba auren 'yarsa na zo nema ba.

Kafin ki ɗaga murya, na duba, malaman fiƙihu sun halatta karen gadi. Ki ba Sule amsa a rubuce. Kin san ƙa'idata tun ranar da muka yi sa'insa a waya kan rufin ɗakin Gwaggo, kika ce na faɗi abin da ban faɗa ba. Waya ta gaisuwa ce, magana sai a takarda.

Naki,
Isyaku

*

Ƙofar Kabuga
26 ga Afrilu

Hajiya Rukayya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, zafi ne dai kamar an kifa mana tanda.

Mako uku ba amsa, kwamiti ya ɗauki shirunki a matsayin amincewa. An zaɓi Kokeshiyan. Hujjar kwamiti ita ce, gidan da aka raina har aka shiga da rana, abin tsoro yake buƙata, ba abin tausayi ba. Ki yi tunanin a ce gidan Malam Mukhtar, jikan masu fatauci har Tarabulus, karen bola ne ke gadinsa.

A adaidaita-sahu muka kawo shi, shi a baya da Ashafa, ni a gefen direba rabin jikina a waje. Lungun nan kaf sai da ya fito. Na raɗa masa suna Janar.

Gwaggo tana kan tabarma tana murza alkaki muka shiga. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Isyaku, wannan kare ne ko alhaki?"

Na ce, "Mai gadi ne, Gwaggo."

Ta ce, "To shi wa zai yi gadinsa? Ka ga yadda yake haki kuwa? Bawan Allah da bargo a jiki cikin wannan rana."

Ta ƙi kiran sa Janar, Baƙo take ce masa. Mun ɗaure shi a gindin lemon tsami, gefen rijiya, don nan kaɗai ke da inuwa a gidan. Kwanakin farko da taɓarya take tura masa kwanon abinci. Yanzu sun saba, har ruwa take watsa masa da azahar, shi kuma in ta zauna sai ya kwanta yana kallon ta kamar wanda ake karanta wa wasiyya. Ita kaɗai ya yarda da ita. Ni da na zaɓe shi, ranar Juma'ar da na kai masa kayan ciki daga kwata, sai da na miƙa daga nesa. Ban ji haushi ba, haka manyan ma'aikata suke.

Ki kwantar da hankalinki, ba sai kin zo ɗaukar kowa ba.

Isyaku

*

Fatakwal
9 ga Mayu

Yaya Isyaku,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Alhaji yana gaishe ka. Allah ya ba gwiwa sauƙi.

Takardunka biyu tare suka iso jiya, motar Sule ta lalace a Lakwaja. Ba shiru na yi ba. Tun da Ummi maƙwabciyar Inna ta kira ni ta ce ka kawo musu zaki, na kira ka sau goma sha ɗaya, ba ka ɗauka ba.

Ga shi yau na zauna na saka kowane waƙafi da kowace ƙugiya, don kada ka sake samun wurin ɓuya. Abin da na ce shi ne: ka nemo mai kare gidan, waƙafi, ba zai zauna haka ba. Mai kare gidan. Mai tsaron sa. Mutum nake nufi, Yaya, mai ƙafa biyu, wanda zai kwana a gidan ya tashi a gidan. Kuma ka san wane mutum. Kunya ce ta hana ni rubuta sunanka.

Shekara uku ke nan da rasuwar matarka Fatima, Allah ya jiƙanta. Yaranka duk sun yi gidajensu. Kana zaune kai kaɗai a Kabuga da littattafai, ɗakin soron da ka tashi a ciki yana can a rufe. Inna ce ta goya ka tun kana wata bakwai da mahaifiyarka ta rasu. Ni da ta haifa ban sami goyon da ka samu ba, kowa a Gwammaja ya sani. Sakayyarta ita ce ziyarar Juma'a, da kare.

Tunda kuma karen ka zaɓa, me ya hana ka ji maganar mai sana'ar? Maƙwabcinmu a nan yana da irin wannan. Katangarsa ta fi mutum biyu tsawo, karen yana da ɗakinsa mai na'urar sanyi, kuma a wata ba ya yin baƙo uku. Wannan shi ne zaman da ya dace da Janar ɗinka. Gidan Inna fa? Ƙofarsa ba ta rufuwa daga asuba zuwa magariba. Rabin lungun a rijiyarta suke ɗiban ruwa. Ummi tana shiga sau biyar a wuni, Bahijja ta nan lungun ce ke ja mata guga, masu biki suna zuwa sayen alkaki. Ɓarawon ma lokacin sallar Juma'a ya samu, da lungu ya yi shiru. Ashafa da ya tambaye ka mutum nawa ke shiga, ai ba gulma yake nema ba. Da zaman gidan ake zaɓar kare, kai kuma da girman kanka ka zaɓa.

Inna ba za ta taɓa ce maka ka ɗauke shi ba. A wayar ma da na tambaye ta cewa ta yi, "Yaron ya yi ƙoƙari." Yaro mai shekara hamsin da takwas.

Ka mayar da shi, ka kwaso littattafanka ka koma. Ba na son raba ta da gidan nan, amma maganata tana nan.

Ƙanwarka,
Rukayya

*

Ƙofar Kabuga
18 ga Mayu

Hajiya,

Na amsa gaisuwa. Kowa lafiya. Ina taya ki murnar gano waƙafi, ko da yake ya zo a makare da shekara arba'in.

Na karanta huɗubarki sau biyu. Abin sha'awa ne yadda ake hango Gwammaja tar daga Fatakwal. Shekara ashirin da biyu da tafiyarki. Da rufin ɗakinta ya zubo, ni na tsaya a kan magina. Da idonta ya yi yana, ni na zauna a layin asibiti. Ke kuma duk sallah atamfa tana isowa a kan lokaci, ba mu taɓa kuka da ke a nan ba. Yanzu daga can kike raba wa mutane wurin kwana. Ɗakin soron da kike magana yana yoyo, kuma ko rabin littattafaina ba zai ɗauka ba. Mutum mai shekaruna ba ya komawa ɗakin da ya yi ƙyanda a ciki.

Ga rahoton kwamiti. Tun zuwan Janar ko allura ba ta ɓata ba. Gaskiya ne masu ɗiban ruwa sun ragu. In faɗa miki daidai, sun daina zuwa. Ummi ta ce ta gan shi ya sa baki a guga, wai sai an wanke sau bakwai. Na ce mata to a wanke mana, ai lissafin bai fi ƙarfin kowa ba. Ta ce, "Malam, ai ba gugan ne abin tsoron ba, mai lasar ne." Yanzu a famfon masallaci suke layi. Bahijja kuma mijinta ya hana ta shiga tun ranar da Janar ya tsinka igiya ya bi ta har soro. Bai taɓa ta ba, ita ce ta zubar da tulunta.

Alkaki ma an dakata, gashin Janar yana tashi ya faɗa cikin kwaɓin. Hutu ne ga Gwaggo, mace mai wannan shekaru ba ta da haɗi da bakin wuta. Sarƙa ta ci masa wuya, don haka na ce a riƙa sakin sa, a tura ƙofar waje. Kin ga an sami tsaro biyu ke nan.

Ranar Juma'a na tarar da ita zaune ita da shi. Ta ce, "Isyaku, ashe agogon bangon nan yana da ƙara? Shekara hamsin yana ɗakin, sai bana na ji shi." Na ce ai wannan shi ake kira kwanciyar hankali, mutane har ƙasashen waje suke zuwa nema.

Kin ce a tsare gida, an tsare. In akwai sauran gyara, a turo da waƙafinsa.

Isyaku

*

Kano
30 ga Mayu

Rukayya,

Sallama. Na san Ummi ta riga ta gaya miki a waya, kuma na san kun yi magana da likita. An yi wa Gwaggo aikin jiya, an saka ƙarfe a ƙugun. Ta farfaɗo, ta sha kunu. Ina rubuto miki ne daga bencin asibiti, don ki ji yadda abin ya faru daga bakina.

Ranar Talata da hantsi ta je jan ruwa za ta watsa wa karen, don zafin ranar ya sa ya kasa ko tashi. Da can Bahijja ce ke ja mata. Santsin bakin rijiya ya kwashe ta. Ta yi kira, ba wanda ya ji, don ba mai shiga. Sai wajen azahar Ummi ta jiyo muryarta ta katanga. Maza suka fito daga masallaci suka tura ƙofa, suka tarar da karen tsaye a kanta. Duk wanda ya ɗaga ƙafa sai ya yi gurnani. Wani ya kawo taɓarya, Gwaggo ta ce daga kwancen kada a dake shi.

Sun kira ni. Wayar tana cikin aljihun rigar da na rataye, ina karatu. Sai da mijin Ummi ya hau babur ya zo har Kabuga. Da na isa na kira shi da sunan da na raɗa masa, ya dube ni kamar yadda ya dubi kowa. Ni ma a soro na tsaya, Rukayya, ina hango ta a ƙasa. Sai da aka je bayan Dawanau aka ɗauko Ashafa. An ɗaga ta bayan la'asar. Likita ya ce karayar daban, awa shidan da ta yi a rana daban.

A mota ta ce mini, "Kada ka bari su cuce shi. Aikin da aka kawo shi ya yi. Da rana ta juyo ma inuwa ya yi mini."

Ashafa kuwa, da yana saka wa karen sarƙa, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mutum nawa ka ce suna shiga a wuni, Malam?"

Tsautsayi ne, santsi yana iya kwashe kowa. Ki bari ta warware tukuna kafin a yanke wata shawara.

Isyaku

*

Fatakwal
2 ga Yuni

Yaya Isyaku,

Na amsa sallama. Wannan ta hannun wata abokiyar aikina na aiko, ba zan jira Sule ba.

Santsi yana iya kwashe kowa, haka ne. Bara ma ya kwashe ta a wurin nan, kafin ta gama salati mata uku sun ɗaga ta, har aka yi abin dariya. Ba ka sani ba, don ba ranar Juma'a ba ce.

Likita ya ce da wuya ta sake taka ƙafar ba mai riƙe ta. Tana buƙatar mai juya ta, mai yi mata wanka, mai kai ta bayi. Wannan aikina ne, na iya shi, kuma uwata ce. Na ɗauki hutu. Ina isowa kwana biyu bayan sallah, in an sallame ta mu taho tare.

Na gaya mata a waya. Sai ta ce, "To wa zai buɗe wa masu ɗiban ruwa?" Ban gaya mata wata guda ke nan ba mai ɗiba ba. Ta fi ni sani.

Kada ka wahalar da kanka da amsa. Ba abin da ya rage da za a gyara wa alama.

Rukayya

*

Gwammaja, Kano
12 ga Yuli

Rukayya,

Assalamu alaikum. Ya jikin Gwaggo? Sule ya ce ta rame, kuma ba ta son abincinku na can. Na ba shi kuka da daddawa da kanwa, ki karɓa. Ki gaishe da Alhaji.

Kin ce kada in amsa, to wannan ba amsa ba ce. Dubi adireshin da ke sama.

Janar yana Jos, wurin wani mai gona. Ashafa ya ce har ƙiba ya yi. Littattafan sun shiga ɗakin soro, har da ragowar wuri. Yoyon kwano ɗaya yake cikawa. Na sa an yi wa bakin rijiya daɓe mai kaushi, ina buɗe ƙofa da asuba. Shekaranjiya Bahijja ta dawo da tulunta. Jiya Ummi ta shigo, ta ɗebi ruwa, ta leƙa ɗakin Gwaggo, ta fita ba ta gaishe ni ba. Ki gaya wa Gwaggo ana ɗiba. Agogon kuwa gaskiyarta, yana da ƙara.

Gidan dai ya sami mai kare shi, babu wadda za a kare a ciki.

Ranar da takardarki ta farko ta zo, karatu ɗaya na yi mata na ga inda waƙafin ya kamata ya zauna. Malamin Hausa ne ni. Da hannuna na matsar da shi kalma ɗaya baya, don kada ya faɗo a kaina. Gyara ɗaya na yi daidai a takardar nan, ƙugiyar da na saka wa "a nan za ta ƙare", kuma shi ne abin da na hana ta.

Na yi kuskure. Wayar tana hannuna, in kin kira zan ɗauka.

Yayanki,
Isyaku